Kafin a Ɗauko Sanda: Karen da Ya Sauya Hali a Ƙasar Gobir

A Bafarawa da ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, babu mai kiwon kare don ado. Ana ajiye shi ne ya kwana bakin garke, ya bi mafarauci daji da rani, ya kori biri daga gona. A 'yan shekarun nan kuma wani aiki ya hau kansa da ya fi waɗannan nauyi, domin shi ne ke fara jin motsin dare tun kafin kunnen mutum ya kama. Don haka idan karen da aka sani da zafin nama ya wayi gari yana ɓuya ƙarƙashin rumbu, jiki na ɓari, ya ƙi tuwon da aka zuba masa, ko ya yi wa yaron da suka saba wasa gurnani, maganar ta wuce a ce ba komai.

Hukuncin da aka saba yankewa ba ya ɗaukar lokaci. Tsofaffi su ce ya yi gamo. Maigida ya ce ya lalace, ya zama matsoraci, ya miƙa hannu ga sanda. Samarin unguwa kuwa da zarar wani ya ce ya haukace, sai a shiga tsintar duwatsu. A ganin mai wannan rubutu, duk gaggawa ce. Kare ba ya sauya hali dare ɗaya a banza, wani abu ne ya same shi, ko a jikinsa ko a inda yake zaune, kuma binciken abin yana da tsari. Wanda ya tsallake tsarin zai iya kashe lafiyayyen kare, ko kuma ya bar mai cuta yana wasa da 'ya'yansa, wanda shi ne mafi muni.

Kada ma wani ya ce zancen kare bai kamaci gidan Musulmi ba. Hadisai sun yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, ba sa ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996. Katangar gidansa ta faɗi a wani lokaci na zaman ɗar-ɗar, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta ajiye kare a gida, ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, zaki ma zai ɗaure. Mutumin wannan yanki, na Gatawa ko Gangara, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan amsa.

Abin da gabashin Sakkwato ya gani tun daga 2019 sananne ne. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a hare-haren da aka kai Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma a ƙaramar hukumar Sabon Birni. A Disamban 2021 aka ƙona motar matafiya da mutanen cikinta kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Dubun dubatar mutane sun tsallaka iyaka zuwa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. A irin wannan hali ana lissafin rayuka da shanu da rumbunan da aka ƙona, ba a sa kare a lissafi, kuma babu mai ganin laifin hakan. Sai dai duk karen da ya kwana a garin da aka kai wa hari ya ji abin da mutanen garin suka ji, har ma fiye.

Kunnen mutum yana tsayawa ne a sautin da ke girgiza kusan sau 20,000 a daƙiƙa guda, na kare kuwa yana kaiwa 45,000, ga shi yana kama ƙaramin motsin da mutum ba zai ji ba. Ko a ƙasashen da ake zaman lafiya, ƙara ce babban abin da ke firgita karnuka. Masana a Jami'ar Helsinki da ke Finlan sun tattara bayanai kan karnukan gida kusan 13,700, suka wallafa sakamakon a 2020, inda suka gano kashi 32 cikin ɗari suna da tsoron ƙara mai tsanani. Waɗannan karnuka ne da wasan wuta na bukukuwa da tsawar hadari suka fi sani. A 2011 jaridun Amurka sun ruwaito cewa cikin karnukan soja kusan 650 da ƙasar ta tura fagen daga, fiye da kashi 5 cikin ɗari sun kamu da firgicin bayan yaƙi. Wasu sun daina shiga gine-ginen da suka saba shiga, wasu sun manne wa masu riƙe su, wasu sun daina shinshinar nakiyar da aka horar da su a kanta. To, idan karen da aka kashe wa dubban daloli wajen horo ya karaya, ina ga karen Bafarawa da bai taɓa jin komai ba sai bindigar toka ta farauta?

Yadda abin ke kama kare ba shi da wuyar fahimta. Kare yana ƙulla abu da abin da ya biyo bayansa. Idan ƙarar babura ce ta gabaci harbi a daren da ya firgita, daga ranar ƙarar babur ta zama harbi a wurinsa, ko da ɗan kabu-kabu ne ya sauke fasinja da rana tsaka. Hausawa sun daɗe da cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Daga babur tsoron zai iya yaɗuwa zuwa rugugin jirgin sama, da cidar damina, da bugun ƙofar langa-langa. Mai lura zai ga alamun tun kafin a kai ga ɓuya. Karen zai riƙa haki alhali ba zafi ake yi ba, yana yawan hamma da lasar baki, kunnuwa a kwance, wutsiya tsakanin ƙafafu, yana fitsari inda bai saba ba, yana bin maigida duk inda ya sa ƙafa.

Gudun hijira ma yana yin nasa. Karen da ya saba da faɗin gona da hurumi, yau ga shi a cikin garin Isa ɗaure da gajeriyar igiya a gidan 'yan uwa, ga baƙin fuskoki, ga baƙin karnuka, ga yunwar da ta taɓa kowa. Wanda aka bari a kufai kuwa, ya koma bin daji yana cuɗanya da diloli da karnukan da ba su da iyayen gida.

Akwai kuma abin da maigida ba ya kawowa a ransa, wato shi kansa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Linkoping ta Suwidin sun auna sinadarin damuwa a gashin karnuka 58 da na masu su, suka tarar na karen yana hawa da sauka tare da na mai shi. A 2022 wasu a Belfast suka nuna cewa kare yana bambance warin gumi da numfashin mutum lokacin da yake cikin damuwa da lokacin da hankalinsa ke kwance, kuma karnukan sun dace fiye da sau 9 cikin 10. Gidan da ake kwana ido biyu, ana zabura da kowane motsi, ana tattara kuɗin harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa gari, da wuya karensa ya zauna lafiya.

A nan ne kuma tarkon yake. Tunda dalilin tsoro ya yi yawa a yankin, yana da sauƙi a jingina masa komai, a ce ai harbi ne ya ruɗa shi. Wannan kuskure ne da zai iya cin rai, domin tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce ta cutar haukan kare.

Mutane sun san mahaukacin kare a matakinsa na ƙarshe, lokacin da yake gudu ba ji ba gani, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gitta. Abin da ba a cika sani ba shi ne cutar tana farawa ne da sauyin hali kawai, na kwana biyu ko uku. Kare mai son mutane ya koma neman duhu, mai gudun mutane ya koma lasar hannu, muryar haushinsa ta sauya, ya riƙa zabura ba dalili. Akwai ma nau'in da ba ya hauka ko kaɗan. Muƙamuƙinsa ne zai saki, baki a buɗe, miyau na dalala, ya kasa haɗiya. Nan ne mai tausayi ke cewa ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin don ya ciro, alhali ƙwayar cutar a cikin miyan take. Kada kuma a dogara da cewa ai yana zuwa wurin ruwa. Tsoron ruwa alama ce da aka fi gani a jikin mutum, kare mai cutar yana iya tunkarar ruwa.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su sun nuna cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare ake ɗauka, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tana iya kwanciya a jikin mutum wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, rauni ya warke, kowa ya manta. Da zarar alamu sun bayyana kuwa, sai dai a yi ta addu'a, domin kusan babu mai tashi.

Saboda haka idan kare ya sauya hali, maigida ya fara tambayar kansa: an taɓa yi masa allurar rigakafi? Ya yi faɗa da baƙon kare ko wata dabbar daji a watannin baya? Ya ɓace kwanaki ya dawo da rauni? In akwai shakka, a killace shi inda ba zai fita ba, ba tare da an kama shi da hannu ba, a tura masa ruwa da abinci daga nesa, a hana yara zuwa wurin, a nemi malamin dabbobi. Kwana goma sun isa su raba gardama, domin karen da cutar ta bayyana a jikinsa ba ya wuce haka da rai. Idan kuwa ya riga ya ciji wani ko ya yakushe shi, ba a jiran kwana goman. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a nufi asibiti a ranar don a fara allura. Ƙona gashin karen a shafa a raunin, kamar yadda ake yi a wasu wurare, ba ya kashe ƙwayar cuta, lokaci kawai yake ci.

Karen da ya fito yana bin mutane da cizo a titi, babu mai cewa a tsaya lallashinsa. Amma ko an kashe shi, kada a farfasa kan, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji a tabbatar, kuma kada a taɓa gawar da hannu tsirara. Haka nan bai halatta ba mutum ya ga karensa ya soma wasu alamu ya yi maza ya sayar wa fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato. Wannan aika cuta ne gidan wani.

In an kawar da batun hauka, abu na gaba shi ne ciwo. Kare ba ya cewa wayyo, ɓoye ciwonsa yake yi, sai dai halinsa ya tona shi. Wanda kunnensa ya ruɓe daga ciki zai kai hari ga hannun da ya shafa kansa. Wanda ƙaya ta karye masa a dagi, ko haƙori ya fashe, ko kaska ta sa masa zazzaɓi ta shanye jininsa, zai janye jiki ya daina haushi. A 2018 likitocin dabbobi a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun kwatanta karnuka masu tsoron ƙara, suka ga waɗanda ke da ciwon gaɓoɓi tsoronsu ya fara ne a makare, kusan shekara huɗu bayan na sauran. Bayaninsu shi ne, idan ƙara ta sa kare ya zabura, jijiyoyi su ɗaure, gaɓar da ke ciwo ta soke shi, sai ya ɗora laifin a kan ƙarar. Ma'ana, tsohon karen farauta da ya shekara shida bai damu da tsawa ba, bana kuma ya fara ɓuya, ƙafafunsa da bayansa za a fara dubawa. Tsufa kuma yana rage gani da ji, kuma karen da bai ji tahowar mutum ba sai da aka taɓa shi, dole ya firgita. Karya kuwa takan yi cikin ƙarya 'yan makonni bayan lokacin barbara, ta riƙa tona rami, tana tattara tsummoki, tana gurnani ga mai matsowa, har nono ya kawo. Wannan yakan wuce da kansa.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa da babbar murya, shi ne fiya-fiya. Mutane da dama suna wanke kare da ita ko da maganin feshin gona don kashe kaska da ƙuma. Irin wannan guba tana ratsa fata, ta sa dalalar miyau da karkarwa da amai da zawo da tangaɗi cikin 'yan sa'o'i. Wanda bai san an yi wankan ba zai rantse hauka ne. Sau da yawa a nan maigida ne ya jawo abin da hannunsa, da kyakkyawar niyya.

Sai an wuce waɗannan duka ne za a ce tsoro ne zalla, kuma maganin tsoro ba sanda ba ce. Dukan karen da ke karkarwa yana tabbatar masa ne cewa lallai akwai abin tsoro, har ma ya ƙara masa da maigida a cikin jerin. Wanda aka daka saboda ya yi gurnani yakan koyi barin gurnanin, ya koma cizo ba gargaɗi, kuma yaro ne yakan kwasa. Abin da ke aiki ba ya cin kuɗi. A bar masa maɓoyar da ya zaɓa, ko ƙarƙashin rumbu ko lungun zaure, kada a jawo shi waje da ƙarfi. A riƙa ba shi abinci a lokaci guda kullum, daga hannun wanda ya fi sabawa da shi. A sassauta ɗauri, domin karen da ke ɗaure ba shi da hanyar gudu, sai ta cizo. Idan babur ne abin tsoron, a fara daga nesa, inda yake jin ƙarar amma bai ruɗe ba, a jefa masa ɗan abin da yake so, a riƙa matsowa a hankali cikin makonni. A ja wa yara kunne su daina tsokana da rungumar wuya. Magungunan mutane irin su farasitamol da ibuprofen kuwa suna iya lalata masa hanta da ƙoda da ciki, kada a ba shi sai da izinin likitan dabbobi.

Wani karen zai dawo yadda yake, wani ba zai ƙara zama karen gadi ba har abada. Wannan ma ba dalilin jifa ba ne. Musulmi sun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi.

Tabbas akwai mai cewa, ana ta kai wa ke ta kaya? Mutane na kwana a daji, ana zancen hankalin kare? Tambayar tana da nauyi, amsarta kuma ita ce zancen na mutane ne. Yaron da kare ya ciza a Bafarawa, idan babu allura a Isa, sai an nufi Sakkwato da shi, ko ta hanyar Marnona da ta ratsa dajin Gundumi, ko a zagaya ta Sabon Birni da Goronyo, kuma kowa ya san abin da waɗannan hanyoyi suka zama. Allurar ba guda ɗaya ba ce, sai an koma sau da dama, ga kuɗin mota, ga na magani. Rikicin da ya watsa ƙauyuka shi ne ya ƙara yawan karnukan da ba su da mai su, shi ne kuma ya nisanta ma'aikatan dabbobi da karkara. Kare ba ya neman takardar izini kafin ya tsallaka daga Sabon Birni zuwa ƙasar Nijar ya dawo.

Hanyar fita kuwa an daɗe da saninta. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar farko a Faransa, yaron ya rayu. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, aka ɗore a kai, cutar tana yankewa, kuma hakan ya fi sayen allurar mutane araha nesa ba kusa ba. Da wannan dabara Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta kawar da cutar da mutum ke ɗauka daga kare. Duniya ta sa wa kanta shekarar 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mace-macen. Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a cikin Sakkwato. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, a shekarar ce kuma ƙawancen rigakafi na Gavi ya sanar da tallafa wa ƙasashe fiye da 50 da allurar da ake yi wa mutum bayan cizo.

Allurar kare tana yin wani abu kuma da ba a cika ambata ba. Maigidan da ya san an yi wa karensa rigakafi tun yana wata uku, ana kuma sabunta masa, idan ya ga ya sauya hali zai iya tsayawa ya duba kunne da dagi, ya tuna daren da aka yi harbi, cikin natsuwa. Wanda bai yi ba, tsakanin sakaci da jifa kawai zai zaɓa.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, kuma bai kamata bikinta ya tsaya a babban birnin jiha ba. Ma'aikatar lafiyar dabbobi ta jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni su kai allurar karnuka kyauta cikin garuruwan da 'yan gudun hijira suka taru, su haɗa kai da sarakunan farauta da hakimai da limamai wajen shela, su yi magana da takwarorinsu na Maraɗi don a yi aikin lokaci guda a ɓangarorin iyaka biyu. Ma'aikatar lafiya kuma ta tabbatar akwai allurar bayan cizo a ajiye cikin sanyi a manyan asibitocin Isa da Sabon Birni, a kuma sanar da jama'a ta rediyo cewa tana nan.